Sunan Jami'a, Maki da Cancanta: Tambayar Adalci a Ƙofar Makarantun Lauya na Amurka

A Amurka ba a fara karatun lauya daga kammala sakandare kamar yadda ake yi a Najeriya, inda ɗalibi ke shiga tsangayar shari'a ya yi shekara biyar kafin ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi. A can sai mutum ya fara kammala digiri na farko na shekara huɗu a duk fannin da ya ga dama, ko tarihi ko lissafi ko kiɗa, sannan ya nemi gurbi a makarantar lauya, ya ƙara shekara uku ya fita da digirin da ake kira JD. Wannan tsari ya sa kowane mai neman gurbi yana isa ƙofa ɗauke da abu biyu da ya riga ya gama da su, ba shi kuma da ikon sauya su, wato sunan jami'ar da ya fito da makin da ya tara a cikinta. Makarantun da Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta amince da su sun kusan 200, amma waɗanda ake yi wa kallon manya guda goma sha huɗu ne, kuma daga cikinsu ne manyan kamfanonin lauyoyi da alƙalan tarayya suka fi ɗaukar mataimaka. Takwas daga cikin alƙalai tara na Kotun Ƙolin ƙasar a yau sun yi karatun lauya ne ko dai a Harvard ko a Yale. Saboda haka rabon gurabe a waɗannan makarantu rabo ne na iko a kan rayuwar mutane, kuma tambayar wanda ya cancanci shiga tambaya ce ta adalci kafin ta zama ta aikin ofis.

Hukumar da ke kula da neman gurbi, wadda aka fi sani da LSAC, ita ke karɓar takardun sakamakon ɗalibi daga duk wata jami'a ko kwaleji da ya taɓa zama, ta sake lissafa matsakaicin makinsa, wanda ɗalibai ke kira GPA, a kan ma'auni guda, inda A ke daidai da 4.0, A mai ƙari kuma 4.33. Ita ce kuma ke shirya jarrabawar LSAT, wadda aka fara yi a 1948, wadda ake ba da makinta daga 120 zuwa 180, kuma ba ilimin shari'a take aunawa ba, sai iya karanta rubutu mai wuya da gano inda hujja ta tsaya da inda ta karye. Binciken da hukumar ke yi a kai a kai ya nuna cewa jarrabawar ta fi makin jami'a hasashen yadda ɗalibi zai yi a shekararsa ta farko, kuma idan aka haɗa biyun sun fi kowane ɗaya shi kaɗai. Bayan waɗannan alƙaluma biyu akwai wasiƙun shaida daga malamai, da bayanin da mai nema ke rubutawa a kan kansa, da tarihin ayyukan da ya yi, amma duk wanda ya san harkar ya san cewa alƙaluman biyu su ke buɗe ƙofa ko su rufe ta kafin a kai ga karanta sauran.

Dalilin wannan nauyi ba daga hikimar malamai kaɗai ya fito ba. Mujallar U.S. News & World Report ta fara jera makarantun lauya daga na ɗaya zuwa ƙasa a 1987, ta mai da shi aikin kowace shekara daga 1990, kuma cikin abin da take aunawa akwai makin tsakiya na ɗaliban da makaranta ta ɗauka, wato makin ɗalibin da zai tsaya a tsakiyar layi idan aka jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Shekaru da yawa makin tsakiya na LSAT da na GPA tare sun kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na dukkan lissafin. Abin lura shi ne mujallar ba ta tambayar daga wace jami'a makin ya fito, don haka 3.9 daga ƙaramar jami'ar jiha da ba wanda ya san sunanta ya fi wa makaranta amfani a jerin fiye da 3.6 daga Princeton. Masana halayyar jama'a Wendy Espeland da Michael Sauder sun nuna a littafinsu na 2016 yadda wannan jeri ya sauya halin shugabannin makarantun, har ya kai ga ana karkatar da kuɗin tallafin karatu daga mabuƙata zuwa masu manyan maki don a sayo makin tsakiya. Matsin ya kai wasu ga ƙarya tsagwaronta, domin a 2011 aka gano makarantar lauya ta Villanova da ta Jami'ar Illinois sun ba da alƙaluman bogi, har Ƙungiyar Lauyoyi ta ci tarar ta biyun dala 250,000. Sakamakon da ba wanda ya nufa shi ne, bautar lamba ta rage wa sunan jami'a ƙarfi, ta buɗe wa ɗan talaka mai ƙoƙari wata hanya, ko da yake ba don ƙaunarsa aka buɗe ta ba.

Duk da haka sunan bai mutu ba, domin yana aiki a inda lamba ta gama nata aikin. Idan masu nema ɗari suka zo da maki kusan ɗaya, gurbi kuma ashirin ne, mai karanta takardu yana ganin sunan jami'ar a saman shafi, yana ganin sunan malamin da ya rubuta wasiƙar shaida, kuma rahoton hukumar da kansa yana nuna masa matsakaicin makin LSAT na ɗaliban waccan jami'a da matsayin mai neman a cikinsu. Wani lokaci ma an rubuta wannan fifiko a fili. A 1997 jaridu suka bayyana cewa makarantar lauya ta Jami'ar Kalifoniya a Berkeley tana da jadawalin da take ƙara wa makin wasu jami'o'i nauyi ta rage wa wasu, inda kwalejoji masu tsada irin su Swarthmore da Williams suke sama, kuma bayan ƙorafin ƙungiyoyin kare haƙƙi ta jingine shi. Misalin da ya fi nuna abin kusa da ido shi ne na Cheryl Hopwood, wadda ta nemi gurbi a makarantar lauya ta Jami'ar Texas a 1992. Ta fara karatu a kwalejin unguwa mai araha, ta kammala a Jami'ar Jihar Kalifoniya da ke Sacramento da maki 3.8, tana aiki tana biyan kuɗin makarantarta da kanta. Lissafin makinta ya sa ta cikin rukunin waɗanda ake ɗauka kusan kai tsaye, amma malamin da ya duba takardunta ya sauko da ita zuwa rukunin da ake muhawara a kansu, bisa hujjar cewa makarantun da ta yi ba masu tsananin gasa ba ne, don haka makinta ya fi ƙarfin iliminta. Ƙarar da ta shigar, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a kanta a 1996, a kan fifikon launin fata ta ginu, kuma a kan haka duniya ta san ta, amma wannan saukarwa da aka yi mata saboda sunan makaranta ita ce ba a cika tattaunawa ba, alhali ita ta fi shafar yawancin masu nema, fari da baƙi.

Don a auna hukuncin wancan malami da adalci, dole a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato cancanta da shaidar cancanta. Aristotal ya kafa asalin maganar a littafinsa na siyasa, inda ya ce idan za a raba sarewa, wanda ya fi iya busa ta ya kamata ya sami mafi kyau, ba wanda ya fi dangi ko kyan fuska ba, domin abin da aka yi sarewa dominsa shi ke nuna wanda ya dace da ita. A kan wannan ma'auni, cancantar shiga makarantar lauya ita ce iya karatun shari'a da iya ɗaukar amanarta bayan an fita, kuma ba maki ba ne ba suna ba ne, su biyun shaidu ne kawai da aka kira su faɗi abin da suka sani game da wani hali da ba a gani da ido. Shaida kuwa ana karɓarta ne gwargwadon abin da ta gani. Maki ya ga aikin ɗalibin da kansa na shekara huɗu, ko da yake ta idon malamai masu sauƙin hannu ko masu tsauri. Sunan jami'a bai ga aikin ɗalibin ba, abin da ya gani shi ne hukuncin da wani kwamiti ya yanke a kansa lokacin yana ɗan shekara goma sha bakwai, da kuma irin abokan da ya zauna da su a aji.

Masu kare amfani da sunan suna da hujja mai ƙarfi, kuma rashin gaskiya ne a raina ta. Maki ba shi da ma'ana sai an san wanda ya ba da shi da waɗanda aka yi gasa da su, domin zama na ɗaya cikin ɗaliban da aka tace su daga dubban masu nema ba daidai yake da zama na ɗaya inda ake ɗaukar duk wanda ya zo ba, kuma wanda ya ƙi lura da wannan bambanci ya zalunci ɗalibin da ya zaɓi hanya mai wuya. Sai dai hujjar tana ɗauka cewa manyan jami'o'i sun fi rowar maki, alhali abin da aka sani ya nuna akasin haka a wurare da yawa. A 2013 wani shugaban sashen karatun digiri na farko a Harvard ya tabbatar wa malamai cewa makin tsakiya a kwalejin A mai ragi ne, kuma makin da aka fi bayarwa shi ne A cikakke. Princeton ta yi ƙoƙarin taka birki a 2004, ta ce kada masu A su wuce kashi 35 cikin ɗari a kowane sashe, amma ta janye dokar a 2014 bayan shekara goma ana ƙorafin cewa tana jefa ɗalibanta cikin damuwa tana kuma rage musu ƙarfi a gaban takwarorinsu. Idan jami'a mai suna tana ba da A hannu sake, sannan aka ƙara wa wannan A nauyi saboda sunanta, to an biya ɗalibin sau biyu a kan abu ɗaya. Kuma idan abin da ake so a sani shi ne ƙarfin ƙwaƙwalwar mai nema idan aka gwada shi da kowa, ai LSAT don haka aka yi ta, kowa yana zama a kan tambayoyi masu nauyi iri ɗaya. Wanda ya fito daga ƙaramar jami'a ya ci 172 ya riga ya amsa tambayar da ake son sunan jami'a ya amsa, kuma ci gaba da tuhumarsa bayan haka ya fita daga neman shaida ya shiga girmama asali.

Nan ne maganar ke ƙara nauyi, domin sunan jami'a ba ƙoƙari kaɗai yake ɗauke da shi ba. Binciken Raj Chetty da abokan aikinsa na 2017 ya nuna cewa a kwalejoji 38 na Amurka, ɗaliban da suka fito daga kashi ɗaya cikin ɗari na gidaje mafi arziki sun fi yawan waɗanda suka fito daga kashi sittin na ƙasa gaba ɗaya. Wani binciken nasu na 2023 ya gano cewa ɗan gidan kashi ɗayan nan ya fi ɗan matsakaicin gida yiwuwar shiga manyan jami'o'i da fiye da ninki biyu, ko da makinsu na jarrabawar shiga ɗaya ne, kuma cikin dalilan akwai fifikon da ake bai wa 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da 'yan wasanni. Akwai kuma ɗalibai masu yawa da suka sami gurbi a manyan jami'o'i amma suka zaɓi ta kusa da gida saboda kuɗi, ko saboda uwa mara lafiya, ko saboda ba wanda ya taɓa gaya musu cewa irinsu na iya nema. Duk lokacin da makarantar lauya ta ƙara wa suna nauyi, tana sake sa hannu a kan wancan rabo na farko da duk abin da ke cikinsa na gado da sa'a, ta mai da abin da ya faru da yaro ya zama hukunci a kan baligi. Robert Merton ya bayyana wannan hali a 1968 game da masana kimiyya, inda ya nuna cewa wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara wa yabo a kan aikin da da wani ne ya yi shi ba za a lura ba.

Al'adar karatun zaure a ƙasar Hausa ta san wannan tambaya tun da daɗewa, domin ana tambayar malami a wurin wa ya yi karatu, kuma ijaza da salsalar malamai suna da daraja ta gaske, tun da su ke tabbatar da cewa ilimin ya bi ta hannun amintattu. Amma malaman hadisi, waɗanda suka fi kowa kula da salsala, ba su taɓa yarda cewa girman shehi yana wadatar da almajirinsa ba, sai sun binciki kowane mai ruwaya shi kaɗai, amanarsa da ƙarfin haddarsa, kuma sun raunana almajiran manyan malamai da yawa sun inganta mutanen da ba su da wani asali na alfahari. Salsala a wurinsu hanya ce ta bincike, ba ta taɓa zama madadin binciken ba, kuma wannan ne matsayin da ya dace da sunan jami'a, a yi amfani da shi a fahimci makin, kada a lissafa shi a matsayin wani makin na daban.

Shi kansa makin yana da nasa zaluncin, wanda masu sukar suna ba su cika ambata ba. Hukumar LSAC tana lissafa duk wani darasi da ɗalibi ya ɗauka kafin digirinsa na farko, har wanda ya faɗi ya sake idan faɗuwar tana kan takardarsa, kuma da zarar ya karɓi digirin lambar ta daskare, ko da ya ƙara digiri na biyu da na uku da sakamako mafi kyau ba za su shiga cikinta ba. Mutumin da ya yi tuntuɓe yana ɗan shekara goma sha takwas, saboda rasuwar mahaifi ko aikin dare ko wautar ƙuruciya, sannan ya gyaru ya yi shekara goma yana aiki nagari, zai zo ƙofa da lambar wancan yaro a goshinsa. Addinan da suka yi magana a kan tuba sun ginu a kan cewa mutum yana iya zama wani, kuma ƙarshen aikinsa ya fi farkonsa nauyi, amma matsakaicin maki bai san farko da ƙarshe ba, yana haɗa shekarar faɗuwa da shekarar tashi ya raba biyu. Haka kuma lambar ba ta bambanta wanda ya karanta injiniya ko kimiyyar sinadarai, inda aka saba da ƙarancin maki, da wanda ya zaɓi darussa masu sauƙi da gangan don ya kare lambarsa, don haka tana koya wa matashi tun da wuri cewa guje wa abin da zai iya kayar da shi ya fi neman sani riba. Wannan mummunar tarbiyya ce ga mutumin da wata rana za a buƙaci ya tsaya wa wanda ba shi da gata a shari'ar da ake ganin ba za a ci ba.

John Rawls, a littafinsa na 1971 a kan adalci, ya raba abin da mutum ya cancanta a ɗabi'ance da abin da yake da haƙƙin sa rai da shi bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa. Ba wanda ya yi aikin da ya sa aka haife shi da kaifin ƙwaƙwalwa ko a gidan da ake karatu, don haka gurbi ba lada ba ne na nagarta, amma idan makaranta ta sanar da ƙa'idarta, wanda ya cika ta yana da haƙƙin a yi masa hukunci da ita. Ronald Dworkin ya bi wannan layi ya ce manufar makaranta ita ke fayyace abin da zai zama cancanta a wurinta. Wannan ra'ayi yana sauke girman kan wanda aka ɗauka, yana kuma sauke kunyar wanda aka bari, sai dai yana da haɗari idan aka bar makaranta ta zaɓi manufarta yadda ta so, domin manufar kare matsayi a jerin mujalla ita ma manufa ce. Makarantar lauya ba ta da wannan 'yanci gaba ɗaya, saboda abin da take rabawa ba nata ba ne ita kaɗai. Kotun Ƙoli ta gane haka a 1950 a shari'ar Heman Sweatt, baƙar fata ma'aikacin gidan waya da Jami'ar Texas ta ƙi ɗauka, jihar ta buɗe wa baƙaƙe wata makarantar daban. Kotun ta ce makarantun biyu ba daidai suke ba, ba don yawan littattafai da malamai kaɗai ba, har da abubuwan da ba a iya aunawa, kamar sunan malamai da tasirin tsofaffin ɗalibai da martabar makaranta a idon jama'a. Idan martaba dukiya ce ta gaske har kotu ta ce hana ta tauye haƙƙi ne, to bai dace a mai da mallakar martabar farko ta zama sharaɗin samun ta biyu ba.

A watan Nuwamba na 2022 makarantar lauya ta Yale, ƙarƙashin shugabarta Heather Gerken, ta daina ba mujallar U.S. News bayananta, Harvard ta bi ta a rana ɗaya, wasu da yawa suka biyo baya, kuma a 2023 mujallar ta rage nauyin LSAT da GPA zuwa ƙasa da kashi goma cikin ɗari, ta mai da hankali kan samun aiki da cin jarrabawar zama lauya. A shekarar ce kuma Kotun Ƙoli ta hana amfani da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, abin da ta halatta a shari'ar Barbara Grutter da makarantar lauya ta Michigan a 2003. Sauye-sauyen biyu sun ƙara wa mai karanta takardu 'yanci a wani gefe sun rage masa a wani, kuma abin tsoro shi ne a yi gudun gara a faɗa gidan zago, domin duk inda aka rage wa lamba ƙarfi ba tare da an sa wani ma'auni bayyananne a gurbinta ba, abin da ke cike gurbin shi ne abin da ido ya saba girmamawa, wato sanannen suna da wasiƙar sanannen malami da aikin sa-kai wanda ɗan mai hali ne kaɗai ke iya yi ba albashi. Michael Sandel ya ba da shawara a 2020 cewa manyan jami'o'i su tace waɗanda suka isa sannan su jefa ƙuri'a a tsakaninsu, amma ƙuri'a tana sauke wa makaranta nauyin hukunci ne, alhali makarantar da ke horar da alƙalai ita ta fi kowa wajabcin koyon yanke hukunci da bayyana dalilinsa. Abin da ya fi kusa da daidai yana hannun makarantun tun yanzu, tun da rahoton hukumar yana nuna matsayin ɗalibi cikin abokan karatunsa da yadda jami'arsa ke rabon maki, kuma ana iya ba mai karatun farko waɗannan bayanai, tare da jerin darussan da makin kowace shekara daban, a ɓoye masa sunan jami'ar har sai ya rubuta hukuncinsa, ta yadda duk wanda zai sauko da mai nema daga inda aikinsa ya kai shi sai ya kawo dalili daga cikin takardun mutumin.